Rajista ta koma intanet, amma layi yana nan a ƙofar biro

A bana jami'ar da ƴata take karatu a nan Maradi ta sanar cewa rajista ta koma intanet, ba sai ɗalibi ya taka zuwa biro ba. Na yi murna, domin ban manta wahalar da yayanta ya sha a zamanin dosiye ba. Sai ga shi yarinya ta yi kwana huɗu tana zarya tsakanin gida da sibar, shafin yana buɗewa yana rufewa, kuma ranar da ya karɓi sunanta aka ce ta buga takardar, ta yi fotokofi biyu, ta haɗa da shaidar biyan kuɗi, ta kai wa sakatare ya sa hatimi. An bar mana tsohuwar wahala yadda take, an ɗora sabuwa a kanta, kuma kabu-kabu da sibar da fotokofi sun cinye mini fiye da jaka biyar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar maki. A tsarin karatun jami'a na LMD (lisans, masta, doktora) kowane zango yana da kiredi 30, wato ma'aunin darussan da ɗalibi ya ci, sai ɗalibi ya tara 180 yake samun lisans, saboda haka makin darasi guda idan ya ɓace yana iya tsayar da yaro cak. Na ƴata ya ɓace. Na je da kaina, na tarar da kwamfutoci sababbi fil a jere, biyu ko ledarsu ba a cire ba, ƙura ta lulluɓe su, sakatare kuwa yana rubutu da hannu a cikin wani ƙaton littafi. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni, sai ya ce: "Alhaji, sai haƙuri, mai kula da na'urar ya tafi taro Yamai, kuma shi kaɗai ne ya san lambar sirrin." Makin ɗaruruwan ɗalibai yana hannun mutum guda, idan ya yi zazzaɓi jami'a ta kwanta tare da shi!

Ban ga laifin sakatare ba, umarni yake bi. Da shugabanni nake. Wanda ya sa hannu aka sayo na'ura, shi ya kamata ya fara tsara wanda zai shigar da maki, da ranar da zai gama, da wanda zai duba bayansa, da wanda zai tsaya idan ba ya nan, da inda za a adana kwafi ko da na'urar ta lalace. Wannan aikin shugaba ne, ba ya buƙatar sanin kwamfuta ma. Ɗan kasuwar da bai taɓa shiga lakwal ba ya san ba a barin mabuɗin shago hannun yaro guda.

Idan ka yi magana sai a ce kuran ne, ko rezo ne. Yaushe wannan ya zama sabon labari? Kowa ya san wutarmu daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, mun ga abin da ya faru a 2023 da aka yanke ta, kuma mun san yadda take ɗaukewa a zafin watan Afrilu. Mai tsara aiki da hankali zai sa pano na hasken rana da batir a cikin kasafi tun kafin ya kira ƴan jarida su ɗauki hoton ɗakin kwamfuta. Haka kuma tun 2020, da korona ta sa aka rufe makarantu, malamai suke aika darasi ta WhatsApp da kuɗin aljihunsu, amma har yau dattawan cikinsu ba su samu horon kirki ba, in ban da taron yini guda da ake watsewa bayan an ci abinci. Ni dai a cikin gari nake. Ina tausayin uban da ke Dakoro ko Tasawa, wanda aka ce wa ɗansa ya yi komai daga gida, sannan ya biya masa mota don hatimi kawai.

Bayan kwana tara aka gano makin ƴata a wata takarda cikin jakar malamin, aka rubuta shi da hannu a ƙaton littafin nan. Jiya ta sake buɗe shafin, gurbin yana nan babu komai, an ce ta koma ranar Litinin.