Tallan da ya sa rigar labari

Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a farkon 2025, kowa ya koyi tattalin data. Ku zauna teburin mai shayi a Agege da daddare ku dubi hannun samari: babban yatsa na shawagi a gefen waya, ana jiran daƙiƙa biyar ɗin YouTube su cika a tsallake talla. Ban ga laifinsu ba, da guminsu suka sayi datar.

Abin da ya ƙona min rai shi ne dabarar da masu harkar talla a Legas ke ta yabo yanzu. Wai tunda mutane na gudun talla, sai a biya ɗan barkwanci ko shafin labarai ya cusa shi cikin abin da ake kallo, yadda ba za a gane ba. Wannan rufe kura da fatar akuya ne. Mai tumatir a kasuwar Mile 12 in ya kira ka, ka san ciniki yake nema, sai ka shirya tayi. Shi kuwa wanda kake kallo kullum har ka ɗauke shi tamkar ɗan unguwarku, in ya ce "wallahi ni ma da shi nake amfani", da me za ka kare kanka?

Wani ƙanen maƙwabcina mai sayar da albasa ya ga bidiyon barkwanci, inda manhajar bashi ta fitar da jarumin daga kunyar mai gidan haya. Ya yi dariya, ya sauke manhajar, ya ci bashi. Da biya ya yi jinkiri, sai saƙonni suka fara shiga wayoyin 'yan uwansa, har da surukinsa a Katsina, ana kiransa ɓarawo. Ko kusurwa ɗaya ta bidiyon nan ba a rubuta cewa an biya kuɗi ba.

Masu cewa ai 'yan barkwanci ma sai sun ci abinci, wa ya hana su? Ɓoyewar ce ha'inci.

Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da talla ta ARCON a madadin tsohuwar hukumar APCON ta ce a tantance talla kafin ya fita, har na intanet. To, hukumar ta sa masu jin Hausa su bi TikTok da Facebook, a tilasta rubuta "Talla ne, an biya" ɓaro-ɓaro tun daga farkon bidiyo. Wanda ya ƙi, a ci shi tara, shi da kamfanin da ya ba shi kuɗin.