Ernestine Rose da dokar da ta raba dukiyar mace da aljihun mijinta

A jihar New York ta Amurka, kafin shekarar 1848, ranar ɗaurin auren mace ita ce ranar da take rasa iko da dukiyarta. Kuɗinta da kayanta su zama na miji, amfanin gonarta da hayar gidanta su shiga hannunsa, in ya ci bashi a biya da su. Dokar daga Ingila suka gaje ta, kuma tana kallon mata da miji a matsayin mutum ɗaya, mijin ne mutumin. Wanda ya tashi inda Shari'a ta bar wa mace sadakinta da gadonta zai ji abin banbarakwai, amma haka yake.

Cikin waɗanda suka karya wannan doka akwai Ernestine Rose, kuma a ganina ba a ba ta matsayin da ya dace da ita ba.

An haife ta a 1810 a garin Piotrków na ƙasar Polan, mahaifinta malamin Yahudawa ne. Tana shekara 16 mahaifiyarta ta rasu ta bar mata gado, sai mahaifin ya ba da ita ga wani mutum ba da yardarta ba, da sharaɗin da zai sa gadon ya faɗa hannun mutumin in ta ƙi. Ta je kotu ta tsaya da kanta ta yi nasara. Daga nan ta wuce Jamus, inda ta ci da kanta da sayar da takarda mai ƙamshi ta turara ɗaki, sannan Ingila. A can ta haɗu da Robert Owen, tsohon mai masaƙar New Lanark ta Scotland da ake lissafawa cikin iyayen ra'ayin gurguzu, wanda ke cewa halin mutum daga yanayin da ya tashi yake fitowa, saboda haka a gyara yanayin. Ta auri William Rose, maƙerin azurfa, suka sauka New York a 1836.

Ba ta daɗe da sauka ba wani ɗan majalisa, Thomas Herttell, ya kawo ƙudurin da zai bar wa matar aure dukiyarta. Rose ta ɗauki takardar koke ta bi gida-gida neman sa hannu. Biyar ta samu. Wasu matan suka ce haƙƙin da suke da shi ya ishe su, wasu mazan suka ce ai ya ma yi wa mata yawa. Ta aika da biyar ɗin haka nan, shekara ta zagayo ta sake fita.

Dabarar a fili take. Buƙata ɗaya ta riƙe, wadda za a iya rubutawa a sashe guda na doka. Ta ɗaura kokenta a kan ƙudurin da ke gaban majalisa, domin koken da ba shi da ƙuduri a kwandon shara yake ƙarewa. Ta je Albany, fadar jihar, ta yi wa 'yan majalisa bayani baki da baki. Ta kuma haɗa kai da wasu mata masu fafutukar haƙƙin mata irin su Paulina Wright da Elizabeth Cady Stanton; ita baƙuwa ce, su kuwa 'yan ƙasa ne, suna da ƙofofin da ba za a buɗe mata ba.

Dokar ta wuce a watan Afrilun 1848. Sai dai a faɗi gaskiya, ba koke kaɗai ya haife ta ba. Karayar tattalin arziki ta 1837 ta durƙusar da 'yan kasuwa da yawa, masu hannu da shuni suka ga gadon 'ya'yansu mata yana tafiya biyan bashin surukai, sai suka mara wa ƙudurin baya. Wannan ne ya sa dokar ta fito da giɓi: ta kare abin da mace ta shigo da shi da abin da ta gada ko aka ba ta kyauta, ta yi shiru a kan ladan guminta. Mai ɗinki da mai wankau, waɗanda ba su da gadon komai, har yanzu miji na iya karɓe kuɗin aikinsu. Rose, wadda ta sha karatun Owen, ta san wa aka bari a baya. Ita da Stanton da abokiyar fafutukarsu Susan B. Anthony suka ci gaba har 1860, lokacin da sabuwar doka ta ba mace albashinta, da ikon kai ƙara da sunanta, da haƙƙin riƙon 'ya'ya daidai da uba. A 1862, hankalin matan yana kan yaƙin basasa, majalisar ta janye na riƙon 'ya'yan.

To me ya sa sunanta ya ɓace? Rose ba ta yarda da samuwar Allah ba, kuma ba ta ɓoye ba. A 1861 ta yi lacca a Boston tana kare wannan ra'ayi. Ban yarda da ita a nan ba ko kaɗan, mafi yawan masu karanta wannan shafi ma haka. Amma ƙin aƙidarta bai ba kowa damar goge aikinta ba. Matan coci da suka fara karɓar albashinsu a hannunsu bayan 1860 sun ci gajiyar ƙafar da ta taka, haka bayin da ta yi kira a 'yanta su har a kudancin Amurka, inda aka yi mata barazana, ba su tambaye ta addininta ba. Abokan tafiyarta ma sun fuskanci wannan tambaya a 1854, da wasu suka ƙi a ba ta shugabancin babban taron mata na ƙasa a Philadelphia. Anthony ta tsaya mata, aka zaɓe ta.

Daga baya ƙungiyoyin mata suka nemi ƙuri'un masu zuwa coci, sai ambatonta ya zama musu nauyi. Ta koma Ingila a 1869, ta rasu a Brighton a 1892, shekara 28 kafin tsarin mulkin Amurka ya ba matan ƙasar 'yancin jefa ƙuri'a a 1920.