Za mu neme ka, daga nan sai shiru

Wallahi shirun nan na masu ɗaukar ma'aikata yana ƙona min rai. Mutum ya kwana yana shiri, ya kashe kuɗin mota, ya zauna gabanku ya amsa duk tambayoyin da kuka jero masa, sannan ku ce za ku neme shi. Daga nan ko saƙon waya babu. Shi kuwa yana ta duba imel safe da yamma, wani har ya ƙi karɓar wani aikin saboda jiran naku. In wani kuka ɗauka ai ba laifi, gurbi ɗaya ne, masu nema da yawa. To ku faɗa masa mana! Layi biyu ya wadatar, ga lambarsa nan a takardar da ya ba ku.