Akwatin da ba ya gani

Duk wanda ya ce maka ana haɗa sabar ajiya a gida ba tare da allo ba, gaskiya ya faɗa, sai dai rabinta ya ba ka. Saba, wato kwamfutar da ke riƙe fayiloli wasu na'urori su riƙa ɗauka, ba ta buƙatar allo in ta kama aiki. Abin da ke faruwa kafin ta kama aikin ne ake ɓoye wa mutum.

Burina bai taka kara ya karya ba. Akwati ɗaya nake so a lungun falona a Mabera, ya riƙe hotunan biki da na suna, da karatun malamai, da takardun makarantar yara, kowa ya shiga ta Wi-Fi ya ɗauki abin da yake so. Na je wajen masu kayan kwamfuta a titin Emir Yahaya na samo wata ta hannu, mai furosesa Ryzen 5 3600, na haɗa da faifan ajiya biyu, kowanne terabait 2. Mai shagon ya ce zai cire katin hoton da ke ciki, wanda ke fitar da hoto zuwa allo, ya sayar daban, ya rage mini kuɗi. Na ce ya cire, me saba za ta yi da hoto? Na hau kabu-kabu rungume da akwati ina ganin na ci kasuwa.

A bayan akwatin akwai ramin HDMI, don haka hankalina kwance. Bayan sallar isha'i na zare wayar talabijin ɗin falo, daidai lokacin da uwargida ke kallon shirinta.

"Baban Nana, mi kaka yi haka? Ba ka ga kallo mukai ba?"

"Minti biyar, yanzu in maido miki."

Na kunna. Fanka ta juya, fitila ta kama, talabijin ya rubuta "No Signal". Na sauya waya, na sauya rami, na hura ramin da baki. A kan madabod, babban farantin da kayan cikin kwamfuta ke jone a kai, wata 'yar fitila ta kama kusa da rubutun VGA, ƙanƙanuwa, ja wur, tana kallona. Sai da na bincika a waya na gane cewa ramin HDMI ɗin nan ba shi da abin da zai fitar in furosesa ba ta da sashen hoto a cikinta. A jerin Ryzen na wancan zamani, masu harafin G a ƙarshen suna ne ke da shi. Tawa ba G. Shiri kuwa ya ƙare, kuma har yau ana tuna mini wanda ban bari an ga ƙarshensa ba.

Washegari ɗan yayata, wanda ke karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya zo da dabara. Ya ce a cire ƙaramin faifan SSD, a sa shi a laftof ɗinsa, a zuba Debian, wani nau'in manhajar Linux mai tafiyar da kwamfuta, a can inda akwai allo, a kunna SSH don a riƙa shiga daga nesa, a sa Samba don raba fayiloli, sannan a mayar da faifan cikin akwati.

"Kawu, wanga abu ba wuya. Linux ba ta damu da jikin da anka sa ta ba."

Muka yi haka. Ya sha fura, ya karɓi kuɗin mai, ya tafi. Na mayar da faifai, na jona wayar intanet daga rauta, na kunna, na buɗe shafin rauta ina jiran sabon baƙo ya bayyana a jerin na'urori. Wayata na nan, ta uwargida na nan, har da wata waya da ban san mai ita ba, wadda daga baya na gano ta ɗan maƙwabci ce. Saba dai babu.

Nan ne ciwon abin yake. Akwati na huci, fankoki na juyawa, amma ba ka san ko ya tashi ba, ko ya tsaya a hanya, ko tambaya yake yi maka yana jiran amsa. Kamar ka yi sallama a zaure, kana jin motsi a cikin gida, ba wanda ya amsa.

Sai na jona kibod, na zauna a tabarma, na fara rubutu a makance. Na jira har na tabbata in zai tashi ya tashi. Na buga root, sunan shiga na mai cikakken iko, na danna Enter. Na buga kalmar sirri a hankali, harafi ɗaya-ɗaya, ina faɗa da baki. Sannan na buga poweroff, umarnin kashe kwamfuta. Dabarar ita ce, in akwatin ya mutu, to yana jina. Jim kaɗan fankoki suka tsaya cak. Na miƙe na yi kabbara. Uwargida ta leƙo daga kicin.

"Ya yi?"

"Ya mutu!"

"To murnar mi kakai?"

Na rasa ta inda zan fara yi mata bayani. Abin da na tabbatar shi ne Debian na da rai, hanyar intanet ce ba ta gani. Dalilin kuwa, Linux na raɗa wa katin sadarwa suna ne gwargwadon mazauninsa a madabod, irin su enp3s0. Sunan da aka rubuta a fayil ɗin saiti na laftof ne, shi kuwa akwati nasa daban, kuma ba zan iya karanta shi ba sai da allo. Na gwada cankar suna a makance, na gyara fayil ɗin da ban gani, har na fara zargin na goge wani abu da ba shi na nufa ba.

Akwai wani yaro mai shagon gem a bakin layinmu. Na je na roƙi aron katin hoto.

"Alhaji, sai dai bayan sha ɗaya na dare, in yara sun watse. Kuma kahin azahar shi dawo."

Na ɗauko kati a leda, na sake zare wayar talabijin, wannan karon mutanen gida na barci. Rubutu ya fito fari tas a kan baƙi, kai ka ce ba shi ne ya wahalar da ni ba. Sunan katin sadarwa enp4s0. Na gyara, rauta ta ga saba, na shiga daga waya. Tunda ga allo, na shiga BIOS, wurin saitin madabod, na saita akwatin ya riƙa tashi da kansa in an ɗauke wuta an maido, don a garin nan wannan saitin ya fi kowanne amfani. Da safe na cire kati, na mayar wa mai shi da godiya, na dawo na kunna.

Saba ta ɓace daga rauta.

Ashe shi ma katin hoton yana cikin lissafin mazauni. Da na cire shi lambobi suka ja baya, enp4s0 ya koma wani suna. Wato sai da kati zan ga sunan, in kuma kati na ciki sunan da zan gani ba shi ne zai zauna ba. Na zauna na daɗe ina kallon bango.

Na koma shagon gem. Yaro ya dube ni, ya dubi ledar da na zo da ita tun kafin a ba ni komai. A daren nan ban tsaya neman sunan gaskiya ba. Na rubuta enp2s0, enp3s0, enp4s0 har enp5s0 duka a fayil ɗin, na ce duk wanda ya ga nasa ya amsa. Aka cire kati, aka kunna, enp3s0 ya amsa.

Yanzu saba na aiki. Zafin Afrilu da ya zo, wanda a Sakkwato yake haura digiri 40, faifan suka ɗau zafi har ba ka iya daɗe da hannu a jikin akwatin, sai na juya masa fankar tsaye ta falo. Ana kan shari'ar wannan fanka a gida. Shi kuwa mai shagon gem bai karɓi ko sisi ba, sai dai ya ce tunda Wi-Fi ɗina na kaiwa bakin layi, in buɗe masa ɗan wuri ya aje fayiloli kaɗan. Na duba makon jiya, ya cinye gigabait 600, kuma ya aiko a tambaye ni yaushe zan ƙaro faifai.