Mai gadin da ke busa usur a kan 'yan gida

Jiya a cikin bas daga Agege zuwa Oshodi wani mai tallar magani ya miƙe da kwalba, wai tana "ƙara ƙarfin garkuwar jiki". Mutum uku suka saya. Na yi shiru, amma raina ya sosu, don 'yar yayata shekara huɗu ke nan tana fama da lufus, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita. Ita ƙarfin ne ya yi mata yawa.

Mu da rabin 'yan'uwanmu a Legas aikin gadi suke yi, bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Ƙwayar halittar jiki kamar gida ce. DNA ɗinta, wato kundin bayanan halittarta, yana kulle a ɗaki, ba ya yawo a tsakar gida. To akwai wani furotin, cGAS, wanda Zhijian Chen da abokan aikinsa suka gano a Dalas ta Amurka a 2013. Da ya ga DNA a tsakar gida sai ya ɗauka bairas ne ya hauro katanga, ya tashi abokinsa STING, a saki sinadarin intaferon, maƙwabta kowa ya ɗau sanda. Ba ya tambayar DNA ɗin na waye. Gani kawai, sai usur.

Abin da ke rufa asiri shi ne mai shara, wani furotin mai suna TREX1, da ke kwashe tarkacen DNA na gida kafin mai gadi ya gani. Masu bincike sun cire wa ɓeraye shi. Babu wata cuta da ta shige su daga waje, amma zuciyarsu ta kumbura, suka riƙa mutuwa da ƙuruciya. A 2008 Daniel Stetson da Ruslan Medzhitov suka nuna cewa idan aka toshe wa irin waɗannan ɓeraye hanyar jin intaferon, suna rayuwa. A 2015 aka cire musu cGAS ɗin kansa, nan ma suka tsira. Wato ba wani ɓarawo, mai gadi ne ya tara wa gida jama'a a kan sharar gida.

Na san ɓera ba mutum ba ne. A yara, matsalar TREX1 ta fi taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane lufus ne daga nan yake ba. Sai dai masu lufus da yawa intaferon ɗinsu a sama yake, har a 2021 Amurka ta amince da maganin anifrolumab mai toshe shi. Shi ma da kuɗin goronsa: mai gadi ya yi sanyi, sai tsohuwar ƙwayar ƙarambau ta farka da ƙuraje masu raɗaɗi a jikin wasu.

Shi ya sa nake jin haushin kalmar "ƙarfi" a bakin masu talla. Ƙarfi a kan wa?

Da ciwon ya fara wa yarinyar nan, gaɓoɓi na ciwo, kumatu sun yi tabo, gwaggonmu ta ce jifa ne. Ranar Juma'a ma ta aiko da wata gora daga Mile 12, ta ce a ba ta safe da yamma. Yayata ta karɓa ta yi godiya, ta tura ta ƙarƙashin gado.