Daniel Amokachi: Mataimakin koci ma koci ne

Duk majalisar da aka ɗauko hirar Daniel Amokachi a Kaduna, daga Tudun Wada zuwa Barnawa, hukuncin kusan iri ɗaya ne: ya buga ƙwallo har ya gaji, amma aikin horarwa bai karɓe shi ba. Rabin farko na wannan magana babu mai ja. Rabin na biyun ne nake ganin an yi gaggawa.

A nan Kaduna aka haife shi a 1972, kuma a Ranchers Bees ya fito, ƙungiyar da a shekarun 1980 take karawa da manyan ƙungiyoyin Afirka ba tare da jin tsoro ba. Yana ɗan shekara 17 kocin Najeriya na lokacin, Clemens Westerhof, ya tafi da shi gasar kofin nahiyar Afirka ta 1990 a Aljeriya, daga nan Club Brugge ta Beljiyam ta ɗauke shi. Shi ya ci ƙwallon farko a sabon tsarin gasar zakarun Turai a 1992, a ragar CSKA Moscow. A 1994 ya ɗaga kofin Afirka a Tunisiya, ya je Amurka ya zura wa Bulgeriya da Girka a gasar kofin duniya. A gasar Olamfik ta Atlanta 1996, Ajantina na gabanmu da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe, shi ya farke kafin Amunike ya rufe wasan. Ƙwallonmu ta farko a ranar ma ɗan Kaduna ne ya ci ta, Celestine Babayaro.

Amma idan ana son sanin halin mutumin, a duba wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a 1995, tsakanin Everton, ƙungiyarsa a lokacin, da Tottenham. Paul Rideout ya ji ciwo ana duba shi a gefen fili, koci Joe Royle bai riga ya yanke shawarar canji ba, sai ga Amokachi ya tashi daga benci ya shige fili. Kafin a tashi ya ci biyu, Everton ta yi nasara 4 da 1, ta je ta doke Manchester United ta ɗauki kofin. Da ƙwallayen ba su shiga ba, da sunan abin rashin ɗa'a. Wannan ƙarfin halin shi ne jarinsa.

Gwiwa ce ta kashe masa wasa. Bayan raunin da ya ji a lokacin gasar kofin duniya ta 1998, bai sake komawa yadda yake ba, bai ma cika shekara 30 ba harka ta tsaya.

To, ga inda masu suka suke kafa hujja. Ya riƙe Nasarawa United. A 2015 ya karɓi FC Ifeanyi Ubah, makonni kaɗan ya ajiye. A 2016 sai aka ji shi a garin Oulu na ƙasar Finlan, yana horar da wata ƙaramar ƙungiya mai suna JS Hercules, mutane suna dariya wai Bijimi, kamar yadda ake masa laƙabi, ya koma ƙasar ƙanƙara. Gaskiya ne babu wani babban kofi da ya ɗauka a matsayin shugaban masu horarwa, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Sai dai a gasar cikin gida da ake sallamar koci saboda an sha kashi sau biyu a jere, albashi kuma sai an yi ta bibiya, wane ma'auni muke da shi na gane wanda ya iya? Ƙungiyoyinmu sukan ɗauki tsohon tauraro ne don sunansa ya cika filin wasa, ba don su ba shi shekara uku ya gina wani abu ba.

Abin da ake tsallakewa shi ne zamansa a bencin Super Eagles. Ya yi mataimaki ga marigayi Shuaibu Amodu, ya zauna da Lars Lagerback a gasar kofin duniya ta 2010, sannan ya zama na hannun daman marigayi Stephen Keshi. Da shi aka ci kofin Afirka na 2013 a Afirka ta Kudu, lokacin da Keshi ya dage sai ya tafi da 'yan wasan gida, har ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, ya ci ƙwallon da ta ba mu kofin a kan Burkina Faso. Masu horarwa uku mabambanta ba za su yarda da mutum a kusa da su ba idan hannunsa babu komai. Mataimaki shi ne mai jan atisaye, shi yake rarrashin ɗan wasan da aka ajiye a benci, shi yake sanin wanda ke ɓoye ciwo don kada a cire shi. Yaron da ya fito daga Warri Wolves ko Sunshine Stars yana rawar jiki gaban manya, a bakin irin su Amokachi yake jin cewa shi ma zai iya. Mu dai a wurinmu, wanda ba shi ne ke magana da 'yan jarida ba, bai yi komai ba.

Shi ya sa naɗin da gwamnatin Buhari ta yi masa na jakadan ƙwallon ƙafa a 2020 bai burge ni ba. Girmamawa ce, amma ta ofis da taro. Garin da ya fitar da Rashidi Yekini da Garba Lawal da Tijjani Babangida har yanzu cike yake da yara masu buga ƙwallo a Dandalin Murtala kowace yamma, mafi yawansu babu wanda ya taɓa nuna musu yadda ake tsayuwa a karɓi ƙwallo da mai tsaron baya a gadon bayansu. Da ina da ta cewa a hukumar wasanni ta jihar nan, 'yan ƙasa da shekara 17 zan damƙa masa, da kwantiragin shekara huɗu da albashin da ba ya makara.