'Yan jarida ku daina yi wa 'yan siyasa dakon ƙarya

Wallahi abin da ke ci mun tuwo a ƙwarya da kafafen labaranmu shi ne ɗan siyasa zai fito ya shara ƙarya, su kuma su kwasa su maka a kanun labari yadda ya faɗa, su liƙa "in ji wane" a ƙarshe, shikenan wai sun fita haƙƙi. Ba ku fita ba fa. Yawancinmu kanun kawai muke gani a Facebook mu tura gurup, wa ke shiga ciki?

Ku tuna Dapchi. Ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka sace 'yan mata 110 a makaranta, bayan kwana biyu gwamnatin Yobe ta fitar da sanarwa wai sojoji sun ceto wasunsu, aka yi ta yayatawa iyaye suka kwana da murna, washegari Gwamna Gaidam ya je garin ya ce musu ba a ceto kowa ba, gwamnati ta dawo tana neman afuwa. Dan Allah da kafin a buga an kira uba ɗaya a garin an tambaye shi ko ya ga 'yarsa, ai da ba a ƙara wa bayin Allahn nan ciwo kan ciwo ba.

Ni ban ce dole a kira mutum maƙaryaci ba, abin da ke zuciya sai Allah. Amma in babu hujja a rubuta babu hujja a cikin kanun kansa, ba sai bayan sati su Dubawa masu tantance gaskiyar labarai sun bi diddigi ba, lokacin magana ta gama zaga kasuwa da majalisa.

Rediyo ma ya fi damuna. A Nuwamban 2020 Trump na tsaka da cewa an yi masa maguɗi a zaɓe, gidajen talabijin na Amurka ABC da CBS da NBC suka katse shi suka faɗa wa masu kallo ba shi da hujja. Mu kuwa sojan baka ya sayi fili ya ce maigidansa ya gina asibiti goma, mai gabatarwa na ta "to madalla". Haba malam, tambaye shi mana, a wace unguwa, yaushe aka buɗe, akwai likita a ciki? In ya kasa amsawa masu sauraro sun ji da kunnensu.

Kuma masu gidajen nan ku biya ma'aikata albashi, wanda ya karɓi kuɗin mota a hannun kwamishina ba zai iya ce masa ranka ya daɗe wannan ba haka ba ne.